Mil Ɗaya Saboda Baba

A wajen aikinmu ni kaɗai ne nake ce masa Baba. Sauran abokan aiki, manya da yara, gatsa sunansa suke yi kamar yadda Turawa suka saba, ni kuwa bakina ya ƙi. Mutumin da ya isa ya haife ni, kansa fari fat da furfura, ta ina zan fara? Da farko ya zaci tsokana ce, har ya tsare ni a bakin sito ya ce in gaya masa ma'anar kalmar. Da na gaya masa sai ya yi jim, ya ce ya karɓa, amma kada in kuskura in sa rai da gado.

Shi ne mai kula da sito a ma'aikatar da nake aiki a Landan, ya haura shekara 30 a kan wannan kujera. In ka nemi abu ka rasa, wurinsa za ka je da ƙorafi. In ka same shi a inda ya kamata, ko tunawa da shi ba za ka yi ba. A watan Janairu ciwon zuciya ya ɗauke shi, ranar wata Lahadi, a gidansa. Litinin muka zo muka tarar da tabaransa a kan littafin shigar da kaya, littafin a buɗe a shafin Juma'a.

Da yawa daga cikinmu sai a wurin jana'iza suka ji cewa kafin ya zo sito, Baba yaron barga ne. Ni na sani, don ni ne mai zama in saurare shi lokacin hutun rana. Yana ɗan shekara 15 ya bar makaranta ya tafi Niyumaket, garin dawakin Ingila, da burin zama mahayin sukuwa. Ya yi shekaru yana kwashe kashin doki, yana goge dawakin wasu, yana fita da su kilisa tun duku-duku. Sai jiki ya ci amanarsa: ya miƙe, ya yi ƙashi, sikeli ya ƙi shi. A wannan sana'a kuwa in sikeli ya ƙi ka, zance ya ƙare. Ya tattara ya koma Landan, amma har ya koma ga Mahaliccinsa daga shafin baya yake fara buɗe jarida, inda ake jera sakamakon sukuwa.

Akantarmu ce ta kawo shawarar. Ta ce maimakon mu manna ɗan allon tagulla a bango, wanda bayan wata biyu ba mai kallonsa, mu yi karo-karo mu ɗauki nauyin tsere guda a Niyumaket, a raɗa masa sunan Baba. A Ingila wannan ba baƙon abu ba ne: kamfani ko iyali ko taron abokai sukan biya a sa wa tsere sunan wanda suke so, a buga shi a takardar shirin ranar, mai sanarwa ya faɗe shi a lasifika.

Ban karɓi shawarar hannu bibbiyu ba. Duk wanda ya san sukuwar Ingila ya san ita da caca tamkar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Wani abokina da na yi wa zancen cewa ya yi, "Yanzu kai kuɗinka za ka zuba a rubuta sunan mamaci a allon 'yan caca?" Amsar da na ba shi ba ta gamsar da shi ba, ni ma ba ta gama gamsar da ni ba. Abin da na riƙe shi ne, tsawon zamana da Baba bai taɓa ba ni labarin kuɗin da ya ci ko aka cinye shi ba, labarin dawaki kawai yake ba ni. Na ba da nawa kason, na yi wa kaina alkawarin ko kwabo ba zan ɗora a kan doki ba, na yanki tikitin jirgin ƙasa.

Ranar da aka ba mu a watan Oktoba ta faɗo. Sauran za su zo da motar haya da hantsi, ni kuwa na riga su da kwana ɗaya, don ina son in ga kilisar asuba da Baba ya cika mini kunne da ita. Daga tashar King's Cross zuwa Kambirij tafiyar kamar awa guda ce. A nan ake sauya jirgi a hau na Ipswich, kuma a nan na yi wauta: dandamalin tashar dogo ne na tsiya, na je na kafe a wancan ƙarshen, jirgina yana wannan ƙarshen, ina kallo ya ja. Awa guda cur na ƙara a cikin sanyi kafin wani ya zo. Tafiyar da ta rage ba ta fi minti 20 ba. Tashar Niyumaket kuwa, ga garin da sarakuna da attajiran duniya ke turo dawakinsu, dandamali ɗaya tal gare ta. Na sauka cikin duhu, na ja jakata zuwa masauki.

A aljihun kwat ɗina akwai wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa a baki, tsawonsa bai kai tafin hannu ba, mariƙinsa ya goge har yana sheƙi. A durowar Baba na tsince shi ranar da muke kwashe kayansa. Da shi yake ɓalle ƙusoshin kwali yana yanke salatif, kuma ba ya ara wa kowa. Na yi niyyar in miƙa wa matarsa.

Bayan sallar asuba na bi babban titin garin, na wuce ginin ƙungiyar sukuwa ta Jockey Club da gunkin Hyperion, dokin da ya ci tseren Derby a 1933, na kai hasumiyar agogo, na haura tudun Warren Hill. Kafin in ga komai sai da na ji: ƙarar kofato a kan kwalta, ƙwas-ƙwas-ƙwas, daga ko'ina. Ayari-ayari suke fitowa daga bargogi, goma, ashirin, kowane da mahayinsa cikin hular kwano. A garin nan doki yana da hanyarsa ta musamman a gefen titi, in kuma ayari zai tsallaka, motoci tsayawa suke yi cak, ba mai danna hon. Kimanin dawaki 3,000 ake horarwa a Niyumaket, kuma sai rana ta yi tsaka ake barin masu yawo da ƙafa su shiga filayen kilisar.

Na jingina da shinge a tsakiyar tudun. Hazo bai gama tashi ba. Can ƙasa sai ka ga wasu inuwoyi suna motsi, kafin ka ce kwabo sun iso, biyu-biyu, uku-uku, suna haurawa. Abin da ba a gani a talabijin shi ne numfashi. Kowane taku da nasa huci, fuf, fuf, fuf, tururi na fita daga hanci kamar bakin buta, ƙasa tana amsawa a tafin ƙafarka. Mahayan a tsugunne suke bisa gajerun likkafu, gindi a sama, kai a kusa da geza. Baba ya taɓa gaya mini cewa a da Turawan Ingila a miƙe suke zama da dogayen likkafu, sai wani Ba'amurke mai suna Tod Sloan ya zo a 1897 da wannan zama. Suka yi ta yi masa dariya suna cewa biri a kan sanda, har dai ya fara cinye su, kowa ya gajarta likkafarsa.

Wani tsoho da ke kusa da ni, riƙe da abin hangen nesa, ya ga alamar baƙo ne ni, ya shiga yi mini bayani ba tare da na tambaya ba. Ya ce sirrin garin a ƙarƙashin ƙafata yake: ƙasar alli ce, ruwa ba ya kwanciya a kanta, ciyawar kuma an yi ɗaruruwan shekaru ba a kafa mata garma ba. Ya nuna mini wasu duƙusai masu rawar kai ya ce 'yan shekara biyu ne, kuma ranar 1 ga Janairu dukkansu za su zama 'yan uku a tare, domin a nan kowane dokin sukuwa ranar ake ƙara masa shekara, ko a wane wata aka haife shi. Na ce masa abokin aikina ya yi yaron barga a garin nan. Ya tambayi sunansa, na faɗa. Ya yi tunani, ya girgiza kai. "Suna da yawa," in ji shi. Bai faɗa da wulaƙanci ba, amma maganar ta tsaya mini a rai har na sauko daga tudun.

Sauran safiyar a gidan tarihin sukuwa na ƙarar da ita, wanda ke cikin ragowar fadar Sarki Charles na Biyu. Shi ne sarkin da ya mai da garin abin da yake. Ya kafa tseren Town Plate, aka fara shi a 1666, shi da kansa ya hau ya ci a 1671, kuma har yau ana yin sa. Filin da za mu je ma, Rowley Mile, daga sunan wani ingarmansa ne, Old Rowley, wanda mutane suka mayar laƙabin sarkin saboda dalilin da ba sai na fayyace ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne salsalar dawakin. Duk wani doki na jinsin da ake sukuwa da shi a nan, in ka bi ta wajen uba, ga ɗayan ingarmu uku zai kai ka: Byerley Turk, dokin yaƙin wani kyaftin, Darley Arabian, wanda aka sayo a Halab ta ƙasar Sham a 1704, shi ne kakan mafi yawansu, sai Godolphin Arabian, da ya biyo ta Faransa, ya mutu a 1753, kabarinsa na nan kusa da Kambirij. Yau ga attajiran Larabawa sun dawo suna sayen jikokin dawakin da aka ɗebo daga yankinsu da kuɗi na fitar hankali. A kasuwar gwanjon Tattersalls da ke garin, wadda aka kafa kamfaninta a Landan tun 1766, har yanzu da wani tsohon kuɗi mai suna gini ake yanka farashi, wato fam ɗaya da sule ɗaya na tsohon lissafi.

Da azahar na haɗu da sauran a ƙofar filin. Mu goma sha wani abu ne, kowa ya ci ado, har masu zuwa aiki da wandon da bai san dutsen guga ba. Matar Baba ta zo da 'yarsu da jikansu ɗan shekara takwas. Gajeruwar tsohuwa ce mai kaifin ido. Na gaishe ta na ce, "Mama, ya ƙarin haƙuri?" da iyakar yadda Turanci zai iya ɗaukar maganar. Ta riƙe hannuna ta ce, "Kai ne mai ce masa Baba. Ya ce kai kaɗai ne ka san girmansa a ginin nan."

Aka raba mana takardar shirin ranar. Ga sunansa nan, baƙi a kan fari, a saman jerin dawaki. Mama ta ɗora yatsa a kai tana bin haruffan ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba ko an yi kuskure. Ni kuwa raina ya ɗan sosu. Namu tseren ba shi ne babba ba, can wajen ƙarshe aka saka shi, lokacin da wasu sun fara neman motocinsu. Kuma irin wanda suke kira handikaf ne, wato tseren daidaita nauyi. Yadda abin yake, akwai jami'in da ke ba kowane doki maki gwargwadon abin da ya nuna a baya. Wanda ya fi gudu sai a ƙara masa kaya, a zura fallayen dalma a cikin wani ƙyalle a ƙarƙashin sirdi, wanda bai kai shi ba a rage masa, don a ba kowa dama. Ana auna mahayi da sirdinsa kafin a tashi, a sake auna shi bayan an dawo. Manyan tseren da suka yi suna a filin nan, irin su 2000 Guineas da ake yi tun 1809, ba a yin haka, nan zakaru ne ke gwada ƙwanji. Da na yi wa Mama ƙorafi sai ta yi dariya. Ta ce ai duk dawakin da mijinta ya taɓa gogewa irin waɗannan ne, ma'aikata, masu fitowa sau goma a shekara su ci sau ɗaya in an yi sa'a.

Na ware gefe na yi la'asar a bayan wurin ajiye motoci, iska tana neman ɗauke mini sallaya. Filin fetal yake, ba tudu ba bishiyar kirki, shi ya sa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu jiragen yaƙi suka mai da shi wurin sauka da tashi. Da na dawo na ratsa ta gaban 'yan caca da allunansu masu walƙiya, suna ta kiran lambobi. Sunan Baba na saman kowane allo. Na sunkuyar da kai na wuce.

Akwai wata alfarma da ake yi wa masu ɗaukar nauyin tsere wadda ban san da ita ba sai ranar. Kafin mahaya su hau, ana zagayawa da dawakin a wani da'irar fili don jama'a su gani, sai a ce masu tseren su zaɓi dokin da ya fi kowane samun gyara. Kyautar ba ta mai doki ba ce, ba ta mai horarwa ba ce, ba ta mahayi ba ce. Ta wanda ya wanke shi ya goge shi ce. Aka shigar da mu tsakiyar da'irar, muka tura Mama gaba.

Ni da za a bar ni, wani akawali zan nuna, baƙi wuluk, wuya a tanƙware, yana tafe yana yanga kamar ya san ana kallonsa. Mama ko kallo na biyu ba ta yi masa ba. Ƙasa take kallo. Kowane doki ya zo wucewa sai ta ɗan duƙa ta dubi kofato, ta dubi bayan gwiwa, ta dubi ƙarƙashin ciki inda majayi ke bi, ta dubi gindin wutsiya. Ta raɗa mini cewa mijinta ya ce kowane rago zai iya sa gadon bayan doki ya yi ƙyalli, aikin gaskiya yana inda ba a dubawa. Sau biyu suka zagayo. A na uku ta nuna wata goɗiya ja, ba ta da wani girma, ba ta da yanga. An kitse gezarta ƙulli-ƙulli, kowane daidai da ɗan'uwansa kamar an auna. An shafe kofatanta da mai, an kuma bi gashin ɗuwawunta da burushi an fitar da zanen dara. Wata yarinya ce ke jan ta, ba za ta wuce shekara 19 ba, hannuwanta jajur saboda sanyi da ruwa. Da aka sanar a lasifika, sai da abokin aikinta ya taɓa ta sannan ta gane ita ake nufi. Mama ta miƙa mata ambulan, ta tambaye ta ƙarfe nawa ta tashi. Ta ce huɗu da rabi. Mama ta gyaɗa kai ta ce, "Shi ma haka."

Daga nan muka hau bene. Tseren mil ɗaya ne, a miƙe sambal ba kwana, don haka wurin tashin yana can nesa inda ido ba ya rarrabe doki da doki. Mai sanarwa ya karanto sunan tseren, cikakken sunan Baba, ya bi iska ya watsu a filin. Akantarmu ta fashe da kuka. Aka buɗe ƙofofi.

Rabin farko a babban allo muka kalla, don a fili ba ka ganin komai sai wani layi mai launi-launi yana kumbura a hankali. Sai ƙasa ta fara rugugi. Saura kamar mita 400 akwai wasu 'yan itatuwa da ake kira Bushes, daga nan hanya ta gangara cikin wani kwari, sannan ta haura zuwa ƙarshe. Baba ya sha kwatanta mini wannan kwari da hannunsa a kan teburin sito: a gangaren doki ke rikicewa in ƙafarsa ba ta daidaita ba, a hawan kuma ake gane wanda ya ci abincinsa. Haka kuwa aka yi. Akawalin nan mai yanga shi ke gaba har kwarin, a nan ya watse kamar an zare masa laka. Wani hurde da ba wanda ya kula da shi ya fito ta gefen shinge, mahayinsa yana turawa da hannu da ƙafa, bulalar ma sau biyu na ga ya sauke ta, don doka ba ta yarda a wuce sau 6 ba a irin wannan tsere. Jikan Baba yana ta tsalle yana ihu, bai ma san wa yake goya wa baya ba. Ni ma sai na ji muryata a cikin hayaniyar. Minti ɗaya da daƙiƙa arba'in, ko kusa da haka, komai ya wuce. Wata tara muna shiri.

Goɗiyarmu ta zo ta biyun ƙarshe.

Aka sauko da mu wurin ba da kofi. Mai hurden mutumin kirki ne, ya karɓa daga hannun Mama, ya yi godiya, ya tambayi ko marigayin mai dawaki ne. Ta ce a'a, mai goge su ne. Ya ɗan rasa abin cewa, aka ɗauki hoto, lasifika ta sanar cewa an auna mahaya nauyi ya cika, jama'a suka juya ga tsere na gaba. Kafin mu bar wurin har an sauke sunan Baba daga allunan an sa wani.

Muna fita Mama ta ja ni ta gefen da ake wanke dawaki. Daga bayan shinge muka hango yarinyar nan, ta tuɓe rigar adonta, tana kwara wa goɗiyar ruwa tana bin ta da soso. Kitson da ta ɓata safiya tana yi, ga shi tana warware shi ɗaya bayan ɗaya, tana yi wa dabbar magana ƙasa-ƙasa. Sai ta ɗaga ƙafar gaba ta ɗora a gwiwarta, ta zaro wani abu daga aljihun baya ta shiga sakace ƙasar da ta cushe a kofaton. Na zura ido. Na sa hannu a aljihun kwat ɗina na fito da ƙarfen Baba. Iri ɗaya ne sak.

Mama ta karɓa ta jujjuya shi, ta shafa mariƙin da babban yatsa. Ta ce ta yi shekaru tana neman sa a gida, ashe wurin aiki ya kai shi. Shi ne abu na farko da ya saya da albashinsa na barga. Na ce ai dama don in kawo mata na taho da shi. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta buɗe tafin hannuna ta mayar, ta naɗe yatsuna a kai.

"Me zan yi da shi a gida?" in ji ta. "Ku ne kwalaye za su zo muku ranar Litinin."